Gani Ya Kori Ji: Ina Mawaƙin Da Zai Kwana A Tiga?

Duk wanda ya saba kunna rediyo da hantsi, ko ya shiga motar haya daga Kano zuwa Zariya direba ya sakar masa waƙoƙin zamani, zai yarda da mu cewa mawaƙanmu na yau ba su da matsalar murya. Muryoyi kam ga su nan zaƙwai-zaƙwai, wanda tasa ta ɗan karkace ma na'ura tana miƙe masa ita. Kiɗa kuwa fiyano ya ɗauke wa kowa wahalar neman makaɗa da 'yan amshi. Inda gizo yake saƙar shi ne abin da ake faɗa. Ka saurari waƙa goma a jere, sai ka rantse mutum guda ne ya rubuta su a dare guda: zuciya tana ƙuna, hawaye yana kwarara, masoyiya fure ce, tauraruwa ce, zinariya ce, madara ce da zuma. Furen nan kuwa ba a taɓa gaya mana sunansa ba, balle a ce na wace bishiya ne, ko a wane wata yake tohowa, domin shi kansa mawaƙin a jikin labulen falo ya gan shi.

Kada wani ɗan'uwa ya ce mene ne ruwan mujallar marubuta da mawaƙa. Mai tsara waƙa marubuci ne, ko ya riƙe alƙalami ko bai riƙe ba, kuma da yawa daga cikin 'yan ƙungiyar nan suna taɓa waƙa. Aminu Ala ma ai da littattafan hikaya aka fara saninsa kafin muryarsa ta cika gari. Bugu da ƙari, ciwon da muke magana a kai bai tsaya ga waƙa ba. Tun shekarun 1990 da aka yi ta gwabza muhawara a jaridu kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen masu suka shi ne labaran sun cika zama a falo da cikin mota. An yi shekara talatin, falon ya ƙara girma, motar ta sauya samfuri, amma har yanzu ba a fito waje ba.

Mu a ganinmu tushen abin guda ne. Mawaƙin da rayuwarsa ta taƙaita tsakanin ɗakinsa da situdiyon Titin Gidan Zu da zauren biki ba shi da inda zai ɗebo sabuwar magana, don haka sai ya ɗebo daga waƙar wani, shi ma wanin daga fim ɗin Indiya ya ɗebo. Maganin kuwa ba wani boyayyen laƙani ba ne: mutum ya ɗauki jakarsa ya je ya zauna cikin mutanen da ba su san shi ba, masu sana'ar da bai iya ba, ya daɗe har kunnensa ya buɗe.

Bari mu kawo misali daga nesa kafin mu dawo gida. Leonard Cohen, mutumin Kanada da ya rasu a 2016, marubucin waƙoƙi ne da hikaya kafin ya zama mawaƙi. A 1960 ya sauka a wani ɗan tsibiri na ƙasar Girka da ake kira Hidra, inda babu mota sai jakuna da alfadarai, ya sayi wani tsohon gida a kan dala 1,500 da kuɗin gadon da kakarsa ta bar masa, gidan da ba lantarki ba famfo. Ya yi shekaru yana zaune can, yana fita yana komawa, ya rubuta littattafan hikaya guda biyu da suka fito a 1963 da 1966. Lokacin da ya isa tsibirin babu turakun waya. Daga baya aka zo aka kafa su, aka ja wayoyi ta gaban tagarsa, abin ya ɓata masa rai domin yana ganin zamanin da ya gudo wa ya biyo shi. Ana nan sai ya lura tsuntsaye sun mai da wayar wurin sauka. Daga nan ya samo waƙarsa ta tsuntsu a kan waya, wadda ta fito a faifansa na 1969, kuma har yau tana cikin waƙoƙinsa da aka fi rerawa a duniya.

Abin lura a nan, da baƙon kwana biyu ne da bai ga komai ba. Da ya tarar da waya da tsuntsu a kai, ya wuce abinsa, domin ina ne ba a ganin tsuntsu a kan waya? Sai da ya san tagar tun ba waya, ya ga ranar da aka kawo ta, ya ji haushinta, sannan abin ya zama waƙa. Daɗewa ce ta ba shi idon. Wannan shi ne bambancin zama da ziyara, kuma a kansa duk maganarmu ta ta'allaƙa.

Mun san za a ce wannan al'adar Turawa ce, su da suke da rarar kuɗi da rarar lokaci. Wanda ya faɗi haka bai san tarihin kiɗan Hausa ba. A ƙasar nan kowace sana'a da makaɗanta: manoma da nasu, maharba da nasu, maƙera da nasu, mahauta da masu kalangunsu, masunta da nasu, 'yan dambe da nasu. Makaɗin sana'a kuwa tare yake kwana yake tashi da iyayen gidansa. Ya san kirarin kowa, ya san kayan aikin da sunayensu, ya san ranar da aka samu da ranar da aka dawo hannu rabbana. Ɗan Anace bai wasa Shago daga nesa ba, a filin dambe ya ƙare ƙuruciyarsa. Ɗan Maraya Jos da ɗan kuntiginsa bai ƙago ƙaren mota daga kansa ba, ya ga yadda yaron mota yake kwana a ƙarƙashin gingimari. Wanda ya duba ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙan Hausa zai ga wannan zaren ya ratsa su kusan duka. Ashe ke nan zama cikin mutane shi ne namu na gado, kulle kai a ɗaki mai sanyi shi ne baƙon abu.

Za a kuma kawo mana Shata. Za a ce ai Alhaji Mamman Shata nan take yake yin waƙa, bai taɓa keɓe kansa a wani ƙauye don neman abin faɗa ba, baiwa ce kurum daga Allah. Baiwa kam babu mai musunta. To amma rumbun da Shata yake ɗiba nan take, yaushe aka cika shi? Mutumin da ya tashi a Musawa yana talla kasuwa-kasuwa, ya zauna Bakori, ya zauna Funtuwa, ya zauna Kano, ya yi noma da hannunsa, ya ƙare rayuwarsa a kan hanya har ya rasu a 1999, ai duk rayuwarsa zaman da muke magana a kai ne. Wanda ke son ya yi waƙa nan take kamar Shata, sai ya fara yin tafiyar da Shata ya yi. Rijiya ba ta ba da ruwan da bai taru a cikinta ba.

Sai masu cewa to mu ina muka ga tsibiri, Kano ba teku ba? Gaskiya ne ba mu da teku. Ƙasar Hausa dai ta san ƙauyukan tsibiri, domin Gungawan Yawuri a kan gungunan Kwara suka rayu har madatsar Kainji ta tashi da yawansu a 1968, kuma masuntanmu sun daɗe suna zama a tsibiran Tafkin Chadi. Amma ba sai an je can ba. Abin da tsibiri yake yi wa mai fasaha shi ne ya raba shi da hayaniyar da ya saba, ya tilasta masa cuɗanya da mutane ƙalilan, ya rage masa gaggawa. Ƙauyen bakin ruwa da ke kudancin jihar nan zai yi masa wannan aikin tsaf, kuma kuɗin motarsa bai kai na awa guda a situdiyo ba.

A ɗauki Tiga, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. An gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tafkin da ta tara ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178. Da ruwansa ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, tumatir da shinkafa da alkama. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a ƙarƙashin ruwan nan akwai gonaki da kufai da maƙabartu, domin dubban mutane aka tasa kafin a tare kogin. Manomin da ya gaji gonar kakansa ya wayi gari an nuna masa sabon matsuguni a kan tudu, wani ya koyi su da girmansa, wani ya bar yankin ɗungurungum. A can ƙasa kuma, fadamun Haɗeja da Nguru sun rage samun ambaliyar da suka dogara da ita, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwa guda, ya azurta wani, ya tsiyata wani. Wane marubuci ne zai ce bai ga labari a nan ba?

Saurayin da yake da shekara 20 ranar da ruwa ya rufe garinsu, yau ya haura 70. Wannan shi ne abin da ya sa maganar ba ta jiran sai an shirya. Dattawan da za su iya nuna maka da sanda su ce can daidai inda kwale-kwalen nan yake nan ne rimin kasuwarmu yake, kullum raguwa suke yi. In suka ƙare, tarihin ya ƙare, sai abin da injiniyoyi suka rubuta da Turanci a kan tsawon bango da yawan ruwa. Muna ƙalubalantar duk mai musu ya kawo mana waƙa guda da ake sawa a rediyo a yau wadda ta ba da labarin mutanen nan. Amma a tambayi sau nawa aka kwashi 'yan rawa a bas aka kai su kan duwatsun Tiga, aka sa su juyi a gaban kyamara, aka kwaso su kafin magariba. Tafkin ya zama labulen bayan hoto. An je Tiga, ba a ga Tiga ba.

Ga kuma harshe, wanda shi ne jarin marubuci. Wanda ya yi wata guda da masunta zai dawo da kalmomin da birni ya manta. Zai san koma daban, birgi daban, taru daban, mamari daban. Zai bambance ƙarfasa da tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa da giwan ruwa, ya san gaiwa da take shiga laka ta yi barcinta har damina ta dawo, ya san minjirya da take girgiza wanda ya taɓa ta. Zai ga zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya tun asuba bai gaji ba. A ce mai waƙar soyayya ya san gaiwa, da ya sami abin kwatanta haƙurin mai jira wanda ya fi hawayen nan da aka wanke har ya koɗe. Ba mu hana kowa waƙar soyayya ba. Cewa muka yi a yi ta da kayan da aka gani da ido.

Kuma ba Tiga kaɗai ba. Garin Bebeji kansa tsohon zangon fatake ne a kan hanyar goro ta Gwanja, nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, nan kuma aka tari rundunar Turawa a farkon 1903 suka fasa ƙofar garin da igwa, kwanaki kaɗan kafin su ci Kano. A Kiru akwai Kwanar Ɗangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, matattarar direbobi da masu abinci da 'yan kamasho, ga kasuwar Kafin Maiyaƙi a gaba kaɗan. A Tudun Wadan Ɗankadai mata ne suke riƙe da sana'ar turara shinkafa, daga jiƙo zuwa tukunya zuwa shanya, kuma duk inda mata suka taru a kan aiki akwai waƙa da habaici da zambo. A Doguwa ƙasa ta ɗaga ta zama duwatsu, ga dajin Falgore, ga Riruwai da tsofaffin ramukan kuza da aka haƙa tun zamanin Turawa, ga Hausawa da Fulani da Kurama suna cin kasuwa guda. Ƙananan hukumomi huɗu ke nan a jere, kowace da abin da zai ishi marubuci shekara goma.

A 2016 aka bayyana shirin gina ƙauyen finafinai a Kofa, cikin Bebejin nan dai. Aka yi ta ce-ce-ku-ce a masallatai da rediyo da jaridu har gwamnatin tarayya ta janye. Ba mu zo tayar da wannan tsohuwar rigima ba. Abin da ya ba mu mamaki shi ne masu fasahar da suka yi ta kukan an hana su ƙauyen bulo da siminti, ga ƙauyukan gaske nan kewaye da Kofa, da mutanensu da labaransu, babu wanda ya hana su shiga, amma ba mu ji wanda ya je ya nemi masauki ba.

Kada kuma a ɗauka muna yi wa ƙauye kirarin aljanna. Akwai sauro, akwai tsargiya ga mai wasa da ruwan tafki, akwai rashin asibiti, akwai gaba da ƙulli irin na kowane wuri da 'yan Adam suke. Dajin Falgore ya sha zama maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan fashi, don haka ba mu ce kowa ya kutsa inda mutanen wurin da kansu suke tsoro ba. Mai zuwa ƙauye don ya dawo ya rera mana iska mai daɗi da kukan tsuntsaye, shi ma bai bar falo ba, falon ya ɗauka ya tafi da shi. Wanda ya zauna da gaske zai dawo da daɗin da ɗacin duka, ya ba mu mutane masu suna da hali, masu bashi da buri, waɗanda in sun ji waƙar za su ce lalle wannan mu ne.

Akwai kuma wani hatsarin da ya wajaba mu ja kunne a kai, wato sata. An sha ɗauko waƙar daka ko ta gaɗa daga bakin matan karkara, a ɗora mata fiyano, a buga sunan wani a kai, a ci kuɗi, masu ita ko goro ba su gani ba. Wannan ba neman ilhama ba ne, kwasar ganima ce. Wanda ya ci tuwon mutane ya sha ruwansu ya ɗauki maganarsu, akwai haƙƙinsu a wuyansa.

Saboda haka ga abin da muke kira ga shugabannin ƙungiya su sa a gaba a taro mai zuwa. A ware wani abu daga asusu, a riƙa tura mutum biyu ko uku kowace shekara, maza da mata, mawaƙa da masu hikaya, su yi kwana arba'in a ɗaya daga cikin garuruwan nan. A bi ta hannun hakimi da dagaci da Sarkin Ruwa, a sauke su a gidajen mutane, mace a cikin mata, kada a kai su otal. Wanda aka tura ya ɗauki nauyin cinsa, kada ya zama kaya a kan talaka. Ya ajiye kyamara da na'urar naɗar murya a jaka har sai an saba da shi, kuma kada ya naɗi kowa sai da izininsa. Ya kama aikin da masu masaukinsa suke yi, ko gyaran taru ne ko juya shinkafa a shanya. In ya ɗauki karin waƙa ko labari daga bakin wani, ya ambaci sunansa da garinsa, in an samu kuɗi a kai masa rabonsa. In aikin ya kammala, wurin da za a fara karanta shi ko rera shi shi ne ƙofar gidan dagacin garin, gaban mutanen da aka yi shi a kansu, kafin a kawo shi shafukan mujallar nan.

Wanda ya ce ba a taɓa yi ba, sai mu tuna masa cewa a 1936 ɗauke Abubakar Imam aka yi daga aikin koyarwa a Katsina aka kai shi Zariya na wata shida don ya zauna ya yi rubutu, abin da ya haifar da Magana Jari Ce. A Kudu kuma Dokta Wale Okediran, tsohon shugaban ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ya buɗe gidan zaman marubuta na Ebedi a garin Iseyin ta Jihar Oyo tun 2010. Wanda ya ce ba kuɗi, sai ya lissafa abin da ake kashewa a bikin ƙaddamar da littafi guda, daga hayar zaure zuwa lemo zuwa maroƙa, ya gaya mana kwana nawa wannan kuɗin zai riƙe mutum a bakin tafki.

Ku kuma matasa masu tasowa, da kuke aiko mana da waƙoƙinku kuna tambayar yadda za ku yi fice, kada ku jira ƙungiya. Kusan kowannenku yana da kaka ko gwaggo ko kawu a wani ƙauye da rabonsa da shi tun wata sallah. Ku je ku gaishe su, ku ƙi dawowa da wuri. Ku riƙe ɗan littafi, ku rage surutu, ku tambayi sunan kowace ciyawa da kowane kifi, ku zauna kusa da tsofaffi bayan sallar isha'i. Mako na farko za a ɗauke ku baƙi, a yi ta ba ku labarin da ake ba baƙo. Sai an daina shimfiɗa muku sabuwar tabarma sannan za ku fara jin maganar gaske. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To ku zaɓi wanda za ku zauna da shi, domin abin da ya ɗauko shi za a gani a kanku.

Ƙofar mujallar nan a buɗe take ga duk wanda yake ganin mun yi kuskure, ya aiko da martaninsa za a buga. Sharaɗinmu guda ne, ya gaya mana ƙauyen da ya kwana kafin ya ɗauki alƙalami. Allah Ya sa mu dace, amin.